Ɓerayen Ƙanwata da Zuciyar 'Yata

A garinmu gona ba ta da nisa da ɗaki. Ka fito daga zaure ka ɗan taka, sai ka tsinci kanka cikin gero. Ka leƙa ta katangar baya, waken maƙwabci ne a gabanka. Ƙauyukan da ke tsakanin Bagwai da Bici duk haka suke, gida na bin gida, gona na bin gona, babu filin da ake bari ya huta. Saboda haka idan damina ta yi nisa aka fara feshi, ba sai an gaya maka ba. Warin yakan shigo har tsakar gida, ya kama shanya, ya zauna a maƙogwaro. Mun saba da shi kamar yadda muka saba da warin taki.

A shekarar da nake ba da labarinta ina da cikin 'yata, ta uku a 'ya'yana, bayan maza biyu da suka riga suka shiga makaranta. Ina koyarwa a firamaren garin. Maigidana manomi ne, wake da gyaɗa ne ƙarfinsa, kuma ba ya yarda kowa ya yi masa feshi, don ya ce 'yan ƙwadago ha'inci suke yi wajen haɗa magani. Yana da famfon feshi irin na goyo, shuɗi, wanda yake ji da shi. Famfon da robobin maganin duk suna zama a ɗan ɗakin ajiya da ke manne da madafa, inda nake ajiye garin tuwo da manja. Idan ya dawo daga gona yakan tuɓe tsohuwar rigar da yake aikin da ita ya jefa a baho, ni kuma in haɗa da kayan yara in wanke. Haka na ga ana yi a gidanmu, haka ake yi a kowane gida. Warin yana tayar mini da zuciya a lokacin, amma na ɗauka laulayi ne, tunda har warin albasa ma ba na so.

Muna zaune da mahaifiyarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna. Tsohuwa ce mai ban dariya, ba ta da hayaniya, amma idan ta jefa magana sai an daɗe ana maimaita ta.

Cikin ya kai wata huɗu lokacin da ƙanwata ta zo mana hutu. Ita ce autarmu, tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun kimiyyar jikin ɗan Adam da na dabbobi. Ta iso da rana, ta yi wanka, ta ci dambu, muka zauna a inuwar darbejiya ni da ita da Inna. Sai Inna ta tambaye ta abin da ake koya musu da har ta rame haka.

"Inna, ɓeraye nake kiwo," in ji ta.

Inna ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa. "Me kike kiwo?"

"Ɓeraye. Farare tas, masu jajayen idanu. Kowane da kejinsa. Ni nake ba su abinci, in canza musu ruwa, in share musu shimfiɗa. Ko ranar hutu sai na je, yanzu ma wata ƙawata na bar wa su."

"Ikon Allah," in ji Inna. "Mu nan muna neman mai kashe mana su, ku can an tara ku ana ba ku digiri a kan yi musu hidima. To ki gaya wa malaminku ya aiko mota, akwai su a rumbuna, kyauta."

Muka yi ta dariya. Da maigidana ya shigo ya ji, nan take ya raɗa mata Likitar Ɓeraye, tunda dama akwai wasa a tsakaninsu. Har yau da wannan sunan yake kiranta.

Washegari da hantsi ina wanki tana taya ni ɗauraya, na sake tayar da maganar, don abin ya ba ni mamaki. Na ce, "Ke yanzu tsakani da Allah, me ake nema a jikin ɓera?"

Ta ce aikin da malaminsu ya sa su a kai ya shafi maganin ƙwari ne, irin wanda ake fesa wa amfanin gona. Ana zuba ɗan kaɗan a ruwan shan ɓera mai ciki, wasu kuma ba a ba su komai, don a sami abin kwatantawa. Idan sun haihu, sai a bi 'ya'yan ana lura da girmansu, musamman zuciyarsu. Ta kwatanta mini jaririn ɓera, jajir, ba gashi, ido a rufe, bai kai ɗan yatsa ba. Ta ce fatarsa ba ta da kauri, har kana iya ganin ƙirjin yana harbawa. Zuciyar kuwa ba ta wuce ƙwayar dawa ba, sai an sa ta ƙarƙashin madubin da ke girmama abu sannan a ga ɗakunanta.

"Ɗakuna?" na ce.

"Huɗu, kamar tamu. Shi ya sa ake gwaji da su. Zuciya tana cikin abubuwan da ke fara ginuwa a ciki, Yaya, tun uwa ba ta gama tabbatar da tana da cikin ba. Abin da ake son a sani shi ne, idan maganin ya shiga jikin uwa a wannan lokacin, ko yana taɓa ginin."

"To yana taɓawa?"

"Ba mu gama ba. Ba zan ce miki ga abin da muka samu ba. Amma ba a banza ake zarginsa ba."

Tana faɗin haka ta ɗago wata riga daga cikin kumfa za ta matse, sai ta tsaya. Ta kai ta hanci. Ta dubi rigar, ta dubi hannuwana da ke cikin ruwan har gwiwar hannu, sannan ta dubi cikina.

"Wannan ta wane ce?"

"Ta yayanki ce, ta feshi."

Ta janye bahon daga gabana, ta ɗebo ruwa mai kyau a buta ta ce in miƙo hannu. Ta zuba mini, ta ba ni sabulu, ta sake zubawa. Ina kallon fuskarta, duk wasan nan ya gudu. Ta tambaye ni tun yaushe nake wanke rigar. Na ce tun farkon damina, tun ana feshin ciyawa. Ta tambayi inda ake ajiye maganin. Na nuna mata. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiyar tana kallon robobin a jere kusa da buhun gari, ta daɗe ba ta juyo ba.

Da ta ga jikina ya yi sanyi sai ta fara gyara maganarta. Ta ce ɓera daban mutum daban. Ta ce su ɓerayen sha suke yi kullum, ni kuwa taɓawa ce da shaƙa. Ta ce mata nawa ne a garin nan suke haihuwa lafiya kuma duk cikin feshin suke. Duk gaskiya ta faɗa, na kuma san gaskiya ce. Amma maganar farko ta riga ta shiga, ta sami wuri ta zauna.

Da la'asar ita ta yi wa maigidana bayani, ina zaune a gefe. Ya fara da wasa, yana cewa Likitar Ɓeraye ta zo da sabuwar doka. Da ya ga ba ta dariya sai ya gyara zama. Ya saurara har ta gama. Ya murza hularsa a gwiwa.

"Yanzu in na daina feshi, waken ba zai yi ba," ya ce. "Ƙwari za su cinye furen tas. Ko na daina ma, na gabas da na yamma ba za su daina ba."

"Ban ce ka daina ba, Yaya. Cewa na yi kada ya shigo gida. Kuma kai ma ka rufe jikinka."

Ya tashi ya fita. Kafin magariba ya dawo da kara da tsohon kwano, ya kafa 'yar rumfa a can ƙarshen garka, bayan turken awaki, ya sa mata ƙyaure. Ya kwashe famfon da robobin ya kai can. Garin tuwon da ke ɗakin ajiyar kuwa, Inna ta ce a zubar, ko kaji kada a ba. Daga ranar, idan ya dawo daga feshi ba ya shigowa sai ya yi wanka a baya, rigar kuma shi yake wanke abarsa a wani tsohon bokiti da ya ware. Ya sayo safar hannu da takunkumi da takalmin roba. Abokansa suka yi ta yi masa tsiya, wai ya zama ma'aikacin asibiti. Ranar da maƙwabta ke feshi kuma iska na kaɗowa wajenmu, Inna takan kore ni zuwa gidan wata 'yar uwarta a cikin gari, in wuni can.

Ƙanwata ta koma makaranta, ta bar ni da tunani. Ina aji ina rubutu a allo, sai abin ya faɗo mini, in ga ɗan jan ɓeran nan da ban taɓa gani ba, ƙirjinsa na harbawa. A wajen awo na tambayi ma'aikaciyar jinya. Ta ɗora abin saurare a cikina, ta ce bugun lafiya lau, in daina sa wa kaina damuwa. Na je Bici aka yi mini hoton ciki, aka ce komai daidai. Hankalina yakan kwanta na 'yan kwanaki, sai kuma ya tashi. Ban gaya wa kowa ba, sai dai in na yi sujada in daɗe.

Bayan an gama kaka, an kai amfani gida, na haihu. Mace, cikakkiya, mai gashi, da murya kamar ta mai kiran kasuwa. Ungozoma ta miƙo mini ita, abin da na fara yi shi ne na ɗora tafin hannuna a ƙirjinta. Yana bugawa da sauri, da ƙarfi. Na yi hamdala. Aka yi suna, aka ci aka sha, ƙanwata ta zo ta ɗauke ta tana jujjuya ta, tana duba leɓenta da faratanta a fakaice, tana tsammanin ban gani ba. Muka haɗa ido, muka yi murmushi. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Ba a daɗe da yin arba'in ba sai mura ta kama yarinyar, har da ɗan tari. Ba wani abin tashin hankali ba ne, amma maigidana ya ce mu je babban asibiti, kada mu tsaya a na gari. Likitan da muka samu matashi ne, mai fara'a. Ya duba maƙogwaronta da kunnenta, ya ce mura ce kawai. Sai ya ɗora abin saurare a ƙirjinta. Ya saurara, ya matsar da shi, ya sake saurara. Ya rufe ido. Ya juya ta ya saurara ta baya, ya dawo gaba. Ni malamar makaranta ce, na san fuskar mutumin da ya ga kuskure a takarda yana neman yadda zai faɗa.

"Hajiya, tana kama nono sosai?"

"Sosai."

"Ba ta gumi in tana sha? Ba ta gajiya ta saki?"

"A'a. Likita, me ka ji?"

Ya ce akwai wani ɗan ƙara da yake ji tsakanin bugu da bugu, kamar huci. Ya ce jarirai da yawa suna da shi, kuma sau da yawa ba komai ba ne. Amma kunne ba ya gani, gara a je Kano a yi hoton zuciya a tabbatar. Ya ce ba gaggawa ba ne, za a ba mu rana.

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Maigidana yana jiranmu a benci a waje. Na gaya masa a tsaye. Ya karɓi yarinyar daga hannuna, abin da ba ya yi a gaban mutane, ya rungume ta, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Muka hau babur muka koma gida.

Makonnin da muka yi muna jiran ranar sun yi mini tsawo. Maigidana ya daina zaman majalisa. Yakan dawo daga masallaci ya tsaya a kan yarinyar tana barci, ya daɗe, sannan ya fita. Na san abin da ke cin sa, shi ma ya san abin da ke cina, amma babu wanda ya furta. Da na kira ƙanwata a waya na gaya mata, sai ta fashe da kuka.

"Yaya, da ban faɗa miki ba."

"Da ba ki faɗa ba, da likitan ba zai ji abin da ya ji ba?" na ce. "Ke da kika raba ni da bahon nan? Share hawayenki, ki yi mana addu'a."

Ni da nake neman mai lallashina, na koma ina lallashi. Abin mamaki, hakan ya ɗan rage mini nauyi.

Inna ce kaɗai ba ta sauya ba. Takan karɓi yarinyar da safe ta ɗora a cinya, tana yi mata wasa tana kiranta ƙawata. Wata rana ta ga na zuba wa ƙirjin yarinyar ido, sai ta ce, "Ke, wannan kallon ba magani ba ne. Tashi ki sha kunu, in ba ki ci ba me za ta sha? Wadda ke tsotso haka har tana ƙwace zani, ni ban ga mara lafiya ba. In ma akwai, Allah da Ya nuna mana shi da wuri Ya san dalili."

Ranar da aka ba mu, muka yi sammako. Ƙanwata ta taso daga makaranta ta tarye mu a ƙofar asibitin, ita ta san hanyoyin ciki. Wajen jira cike yake da iyaye mata da yara. Na ga wani yaro da leɓensa ya yi duhu, yana tsugune yana haki, uwarsa na yi masa fifita. Na ga wata jaririya da ba ta kai rabin tawa ba, alhali an ce ta girme ta. Na ƙanƙame 'yata, ina yi musu addu'a, ina jin kunyar yadda nake kwatanta ta da su.

Likitar da ta yi hoton mace ce, babba, mai magana a hankali. Aka kwantar da yarinyar, aka shafa mata wani abu mai sanyi kamar kamu a ƙirji. Ta callara ƙara, tana harbi da ƙafa. Likitar ta ce in hau gadon in ba ta nono, ba komai. Haka aka yi hoton, tana tsotso, likitar na zagaya ɗan abin a ƙirjinta, ɗakin shiru. A allon na'urar na ga wani abu baƙi da fari yana buɗewa yana rufewa. Can sai launuka suka fito, ja da shuɗi, suna walƙiya. Likitar ta murɗa wani abu, sai ga ƙarar zuciyar ta cika ɗakin. Ƙanwata ta matso tana leƙe, hannunta a baki.

"Kin ga nan?" likitar ta ce da ni, tana nuna wani wuri. "Ga ɗakuna huɗu, duk sun cika, girmansu daidai. Ƙofofin suna aiki. Manyan jijiyoyin kowace tana inda ya kamata. Wannan ɗan ɗigon da ke tsallakawa, shi ne abin da abokin aikina ya ji. Ɗan huji ne a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa. Ƙarami ne ƙwarai."

Kalmar huji kawai na ji. Na ce, "Aiki za a yi mata?"

"A'a. Ba aiki, ba magani. Irin wannan, a wurin da yake, yawanci da kansa yake toshewa yayin da yaro ke girma. Ko bai toshe ba ma, da wuya ya hana ta komai. Ki kai ta gida ki ci gaba da shayar da ita, ki kai ta rigakafi, a riƙa auna nauyinta. In kin ga tana haki ko gumi wajen shan nono, ko ta daina ƙiba, ki dawo. In ba haka ba, sai ta shekara mu sake gani."

Aka kira maigidana ya shigo, ta maimaita masa. Ya saurara, kansa a ƙasa. Da ta gama sai ya yi tambayar da ni na kasa yi.

"Likita, ni manomi ne. Lokacin da take da cikin, ina feshi, maganin yana cikin gida. Shi ne ya jawo?"

Likitar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi. Ta ce, "Malam, ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba, don ban sani ba, kuma babu gwajin da zai nuna mana. Ina ganin irin wannan a 'ya'yan mutanen da ba su taɓa taka gona ba. Abin da na sani, maganin ƙwari ba abin da mai ciki ko yaro za su kusanta ba ne. Yanzu yana ina?"

Ya gaya mata rumfar da ya kafa, da wankan, da bokitin.

"To ka yi abin da ya kamata. Ka ci gaba, ka kuma gaya wa abokanka."

Da muka fito, ƙanwata ta jingina da bango ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi har wata mata ta juyo. Maigidana ya dube ta ya ce, "Likitar Ɓeraye, yau kin ga ta mutane." Wannan ne wasan farko da ya yi tun ranar da muka je babban asibiti. Ta yi dariya hawaye na zuba.

Shekarar ta wuce da sauƙi fiye da yadda na zata. Ba zan ce tsoron ya tafi gaba ɗaya ba. Duk ranar rigakafi, in aka ɗora ta a ma'auni, sai na riƙe numfashi har ma'aikaciyar ta ce ta ƙaru. Kullum kuwa ƙaruwa take. Ta zauna a kan lokaci, ta yi rarrafe, ta fara kama bango. Damina ta sake zagayowa, aka sake feshi, amma wannan karon ba a gidanmu warin yake kwana ba. Biyu daga cikin abokan maigidana da suka yi masa tsiya sun zo sun ga rumfar, ɗaya ya kafa irinta, ɗayan ya ce sai baɗi. Ni ma a wajen suna ko biki, in na ga mai ciki, nakan ja ta gefe in tambaye ta wa ke wanke kayan feshi a gidansu. Wasu su ji, wasu su ce malamai dai ba sa rasa abin faɗa.

Da ta shekara muka koma Kano, mu uku. Ƙanwata ta gama karatu a lokacin, tana hidimar ƙasa a wata jiha mai nisa, amma tun da safe take kira. Wannan karon yarinyar ba ta yarda ta kwanta ba sam. Ta kama wayar na'urar tana ja, ta ture hannun likitar, sai da babanta ya ba ta makullin babur tana wasa da shi sannan aka samu ta tsaya. Likitar ta daɗe tana dubawa. Ta kunna launukan, ta juya ta wannan gefe, ta juya ta wancan. Sannan ta ɗauki abin saurare ta ɗora, ta saurara da kunnenta.

"Na neme shi ban gan shi ba," ta ce. "Ya toshe. Ba sai kun dawo ba."

Na ce, "Ba sai mun dawo ba?"

"Sai dai in gaisuwa za ku kawo mini."

Maigidana ya ce Alhamdu lillahi ya fi a ƙirga. Ya yi wa likitar godiya, ya yi wa ma'aikaciyar da ke gefe, ya yi wa mai shara da muka gamu da shi a baranda, mutumin yana ta amsawa bai san dalili ba. Na kira ƙanwata. Ban gama faɗa ba ta yi ihu, na ji muryoyin abokan zamanta suna tambayarta lafiya.

A motar dawowa yarinyar ta yi barci a ƙirjina tun kafin mu fita daga gari. Muka iso gida bayan azahar. Inna na zaune a tabarma tana tsince wake, yayyen yarinyar maza sun dawo daga makaranta suna cin abinci. Ta ɗago kai ba ta yi tambaya ba, fuskokinmu kawai ta duba.

"Ya toshe, Inna," in ji maigidana.

Ta ture farantin waken gefe, ta ɗaga hannu sama, bakinta na motsi. Sannan ta miƙo hannu ta karɓi yarinyar. Ta ce da ni, "Ke kuma shiga ki kwanta."

Na ce ban yi girkin dare ba.

"Na ce ki shiga ki kwanta. Gidan nan ba a fara cin tuwo a kanki ba."

Na shiga da niyyar in ɗan miƙe bayana. Ko mayafi ban cire ba. Ban farka ba sai da rana ta yi sanyi, la'asar ta kusa ƙwace mini. Jikina ya yi nauyi irin na wanda ya yi barci na gaske. Daga tsakar gida ina jin muryoyin mata, ashe labari ya zaga, maƙwabta sun shigo yi mana barka kamar sabuwar haihuwa. Ina jin Inna tana ba su labari tana ƙara gishiri, wai likitar Kano da kanta ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mai ƙarfin wannan ba, har na'ura ta so ta karya musu. Yarinyar kuma tana can tana buga murfin tukunya da ludayi, yayyenta na yi mata tafi.

Na yi alwala na yi salla. Sai na ji wata irin yunwa ta taso mini. Na fito na gaisa da mutane, na amsa barka, na wuce madafa na ɗebo tuwon da Inna ta tuƙa tun bai gama hucewa ba, na zuba miyar kuka da man shanu, na zauna a bakin ƙofa na cinye, na koma na ƙaro.